Darasi na 18: Birki Mai Kamewa In Ya Yi Zafi

A ce mota ta taso daga Gummi da lodin dawa da fasinja, za ta Anka. Da fari tana gudu lafiya lau. Kafin a kai Daki Takwas sai ta yi nauyi, kamar ana jan ta ta baya. Direba ya ji ƙauri. Birki ne ya kame. In ya ci gaba a haka, taya na iya kama wuta, ko mota ta ƙwace ta faɗa rami da mutane.

To, ruwa ba ya tsami banza. In direba ya taka birki, man birki ne ke bi ta bututu ya matse ƙafafun mota. In ya saki, sai man ya koma tukunyarsa, wadda makanikai ke kira masta, ta wata 'yar kafa kamar ta allura. Mai kuwa in ya yi zafi ƙaruwa yake yi. In hanyar komawa ta toshe, sai ya yi ta matse birki. In mota ta huce sai ta saki, a ce ta warke. Ba ta warke ba.

Ga yadda ake gane inda ciwon yake.

1. Ka tsaya a gefen hanya, ka sa weji. Ka kai bayan hannunka kusa da kowace ƙafa, amma kada ka taɓa ƙarfen.

2. In duk ƙafafun sun yi zafi, a duba masta. A duba matakin birki kuma. Ya kamata ya yi ɗan wasa kafin ya kama.

3. In ƙafa ɗaya ce, a ɗaga ta da jak. Bakanike ya sassauta ɗan notin fitar da iska. In mai ya yi tsartuwa, ƙafar ta juya, mai yiwuwa tiyon roba ne ya lalace ta ciki. A sake shi.

4. In ba ta juya ba, tsatsa ce ta riƙe birkin, ko sifirin ya karye. In ƙafar baya ce, a duba wayar birkin hannu.

Kada ka watsa wa ƙarfe mai zafi ruwa, yana iya tanƙwarewa. Kada ka zuba baƙin mai a madadin man birki, yana kumbura roba. Man birki yana shan laima, saboda haka a sake shi duk shekara 2.

Kai ma fasinja, in ka ji ƙauri, gaya wa direba. Ranka na ciki.

Tambayoyi
1. Me ya sa birki ke saki in mota ta huce?
2. In duk ƙafafu sun yi zafi, ina za a duba?
3. Rubuta: kafa, ƙafa. Mene ne bambancinsu?