Idan Allah Ya Yi Maka Magana Ta Bakin Mutum

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-14, Ayyukan Manzanni 11:27-30

Ya ɗan'uwa, kai da kake zaune a Damargu ka san wahalar ruwa. Rijiyoyin ƙasar Tanut da Belbeji suna da zurfi, har sai an ɗaura igiya ga raƙumi ko sa kafin guga ya fito. To, ka taɓa ganin mai ƙishirwa ya ƙi sha domin gugan tsoho ne? Amma haka mukan yi da maganar Allah. Mukan dubi wanda ya kawo ta, mu ƙi karɓa.

1. Kada ka raina ɗan aike

Na'aman shugaban sojojin Suriya ne, amma kuturu. Wadda ta nuna masa hanyar warkewa wata 'yar yarinya ce, baiwa a gidansa. Da annabi Elisha ya aika masa ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun, sai ya husata, ya juya zai tafi. Barorinsa ne suka lallashe shi. Da ya toshe kunnensa ga ƙananan nan, da ya koma gida da kuturtarsa.

Ka tuna kuma, 'yan mishan na SIM da suka zo Damagaram a 1924 baƙi ne masu koyon Hausa. Duk da haka ta bakin irinsu bishara ta shigo ƙasarmu. Yau mai yiwuwa ne Ubangiji ya aiko maka da matarka, ko ɗanka, ko maƙwabcin da ba shi da ko akuya.

2. Ka gwada maganar

Ba dukan wanda ya ce Allah ya aiko shi ne mai gaskiya ba. Manzo Yahaya ya gargaɗe mu mu gwada ruhohi (1 Yahaya 4:1). Mutanen Biriya kuwa ko wa'azin Bulus sai da suka auna shi da Littattafai kowace rana (Ayyukan Manzanni 17:11). Kai ma ka tambaya: Maganar ta yi daidai da Littafi Mai Tsarki? Tana ɗaukaka Yesu Almasihu, ko mai faɗinta? Idan wani ya ce ka ba shi tunkiya domin ya yi maka addu'ar ruwan sama, ko ka ɗaura wa yaronka laya, wannan ba muryar Allah ba ce. In ba ka iya karatu ba, ka tafi wurin fasto ko dattawan ikkilisiya su karanta maka.

3. Ka yi biyayya

Sa'ad da Agabas ya faɗa wa masu bi na Antakiya cewa babbar yunwa tana zuwa, ba su tsaya gardama ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Dattawan Damargu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Saboda haka idan matarka ta ce, "Maigida, kada mu sayar da hatsin nan duka da kaka, mu bar na rumbu da na gwauruwar nan," kada ka ce maganar mata ce. Ka yi addu'a a kanta tukuna.

Tsautawa ita ce mafi wuyar haɗiya. Da annabi Natan ya tone zunubin Dawuda, sarki yana da ikon kashe shi, amma ya amsa laifinsa (2 Sama'ila 12:13). Idan ɗan'uwa ya yi maka magana a kan bashin da ka ƙi biya, ko iyakar gonar da ka ci, ka tafi ka gyara kafin ranar Lahadi.

Tambayoyi domin iyali

1. Su wane ne Allah ya mora domin Na'aman ya warke?
2. Da me za mu gwada maganar da aka kawo mana?
3. Akwai gargaɗin da aka yi maka, har yanzu ba ka bi ba?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu kunnen ji da zuciya mai tawali'u, mu gane muryarka, mu yi biyayya. A cikin sunan Yesu, Amin.