Dafa Jambalaya a Tukunyar Lantarki Ba Tare da Shinkafa Ta Caɓe Ba

Jambalaya abincin jihar Luwiziyana ne a kudancin Amurka: shinkafa da nama da kayan miya a tukunya ɗaya, 'yar'uwar dafa-duka. Masana tarihin abinci na danganta ta da girkin Sifaniyawa da Faransawa da suka mulki yankin, da na mutanen Afirka ta Yamma da aka kai can bauta. Iri biyu ce. Ta birnin New Orleans, wato Creole, ja ce saboda tumatir. Ta mutanen Cajun na karkara ba ta da tumatir, launinta na ƙasa-ƙasa daga soyuwar nama yake fitowa. Dukansu biyu da albasa da koren tattasai da seleri ake ɗora su.

Matsalar da aka fi cin karo da ita a tukunyar lantarki mai dafuwa a hankali, irin su Crock-Pot, ita ce shinkafa. Ko dai ta caɓe, ko ta gefe ta narke ta tsakiya kuma ta tsaya da tsinke. Dalili kuwa shi ne an ƙera tukunyar don nama da romo, masu son awa biyar zuwa shida a wuta. Shinkafa ba ta jure wannan. Bayan haka murfin yana mayar da tururi ciki, ruwa ba ya tsotsewa, ga kuma ruwan da albasa da tumatir ke saki. Zafin tukunyar ma bai kai na suya ba, shi ya sa naman da aka zuba ɗanye yake fitowa fari fat, ba ƙamshi.

Maganin shi ne a raba aikin gida uku. Da farko suya. A yanka rabin kilo na cinyar kaza, domin ƙirji yana bushewa idan ya daɗe a wuta. A soya shi a kasko da sosej mai hayaƙi har su yi ja. Sosej ɗin gargajiya, andouille, na alade ne, sai a musanya shi da na shanu ko na kaza. A cikin man da ya rage a soya albasa, tattasai, seleri da tafarnuwa, a ɗan zuba romo a kankaro abin da ya kama a gindin kaskon, domin a nan ɗanɗanon yake.

Na biyu, a juye duka a tukunyar, a ƙara tumatir, barkono, tayim, gishiri da romo kofi biyu. A rufe a bar shi awa biyar a ƙaramin zafi, ko biyu da rabi a babba. Yawan buɗe murfi yana zubar da zafi ya tsawaita dafuwa.

Na uku, shinkafa. Turararriya mai dogon ido ta fi dacewa, domin ba ta saurin farfashewa. A mayar da tukunyar babban zafi, a zuba wankakkiyar shinkafa kofi ɗaya da rabi, a tabbata ruwa ya ɗan sha kanta, a juya sau ɗaya kawai a rufe. Takan nuna cikin minti 30 zuwa 45, gwargwadon tukunya. Idan za a saka jatan lande, yakan shiga a minti 15 na ƙarshe. Da zarar ya lanƙwashe ya yi ja-ja ya nuna, in ya zarce sai ya yi tauri. Wanda ke son shinkafa warwara sosai zai iya dafa ta daban da romon tukunyar, ya haɗa dab da zubawa.

Idan ruwa ya yi yawa, a cire murfi na minti goma a babban zafi. Idan ya tsotse shinkafa ba ta nuna ba, a yayyafa tafasasshen romo rabin kofi a sake rufewa.

Sai kiyaye lafiya. Ba a saka daskararren nama a wannan tukunya, domin yana daɗewa a ɗumin da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Kaza ta nuna idan zafin cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyas. Idan aka ɗauke wuta ana cikin girki, a mayar da abincin kan gas ko gawayi nan take. Abin da ya rage kuma ya shiga firji kafin awa biyu.