Mas'alar Ƙarfin Ruwan Famfo da Yoyon Hita

Wani magidanci daga Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, ya aiko mini da mas'ala cewa ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya ɗora tanki, ya kuma sa hita a makewayi domin wankan asuba lokacin hunturu, amma ruwan shawa sai ɗiga yake yi, ita kuwa hitar, da zarar ta ɗauki zafi, sai wani ɗan bawul da ke gindinta ya shiga tsiyaya. Saboda haka ya ƙudura niyyar sayen tanki ninkin na yanzu, ya kuma toshe wurin yoyon. Alhaji, Allah ya ƙara arziki, niyyar farko hasarar dukiya ce, ta biyu kuwa tana iya kaiwa ga hasarar rai, don haka a dakata da duka biyun.

Ƙa'idar da wannan al'amari ya ginu a kanta, wadda wani masanin hisabi mai suna Simon Stevin ya bayyana hujjarta tun 1586, ita ce ƙarfin ruwa a bakin famfo ba ya bin yawan ruwan da ke cikin tanki, tsayinsa kaɗai yake bi, wato ratar da ke tsakanin fuskar ruwan da bakin da yake fita. Kowace mita 10, kimanin ƙafa 33, tana ba da matsi ɗaya na ma'aunin da ake kira bar. To, alal misali, in an ɗora tanki a kan dakali mai mita 3, alhali kan shawa yana mita 2 daga ƙasa, ratar ba ta wuce mita ɗaya da zurfin ruwan da ke cikin tankin ba ko tankin cike yake, kuma da za a kawo tanki mai faɗin Dam ɗin Zobe a ajiye a wannan tsayin, ɗigon nan ba zai ƙaru ba. Magani shi ne a ɗaga tankin zuwa mita 6 ko fiye, bisa hasumiya mai ƙwarin ginshiƙi, gama lita 2,000 na ruwa nauyin tan 2 ne, iskar farkon damina kuwa ba ta ragar wa aikin ha'inci. Bututun da ke saukowa ya zama inci ɗaya, kada a koma rabin inci sai an iso bakin famfo, a kuma rage lanƙwasa, domin kowace gwiwa tana karɓar zakkarta daga ƙarfin ruwa.

Kafin a kira magini dai, a kwance kan shawar a duba. Ƙasar Ruma da Safana ƙasar duwatsu ce, ruwan rijiya daga tsagar dutse yake fitowa, sau da yawa da yashi a cikinsa, in kuma bazara ta yi nisa ya ja baya har tanki ya ƙafe, iska ta shige bututu ta tare hanya. Idan haka ta faru, a cika tanki, a buɗe famfunan gida gaba ɗaya har sun gama tari da atishawa.

Amma batun hita, nan ne nake son a saurara da kunnen basira. Ɗabi'ar ruwa ce ya kumbura in ya yi zafi, har lita 50 da aka ɗumama zuwa digiri 60 takan ƙaru da abin da ya kusa lita ɗaya, kuma da yake bawul ɗin nan yana hana ruwa komawa tanki, dole wannan ƙarin ya sami mafita, shi ne ɗigon da Alhaji yake gani. Alama ce ta lafiya. A ƙasashen sanyi irin Ingila, inda tukunya guda ke zagaya ruwan zafi cikin ɗakuna don ɗumama gida, mai gida kan lura da allurar ma'auni ta tsaya tsakanin bar 1 da 1.5 in ruwan ya huce, in ta faɗi ya ƙara ruwa, in ta haura zuwa 3 bawul ya buɗe da kansa ya zubar. Ba mai hankalin da zai toshe shi. Dalili kuwa, ranar da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya isa ta lalace, ruwan zai zarce haddin tafasa a cikin rufaffen ƙarfe, tururi kuwa yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya haife shi, kuma bangon makewayi ba zai tsaya masa ba.

Abin da ya wajaba shi ne a saƙala siririn tiyo a bakin bawul ɗin zuwa magudana ko bokiti, a riƙa ɗaga ɗan hannunsa sau ɗaya a wata don kada gishirin ruwa ya liƙe shi. In aka ga yana kwarara ba yankewa ko wuta na kashe, ko famfo yana huro tururi, a kashe makunni nan take, a nemo mai gyaran famfo wanda ya san hita. Haka kuma duk ranar da tanki ya ƙafe, kada a kunna ta sai an buɗe famfon ruwan zafi an ga ruwa yana zuba sosai, domin ƙarfen da ke ɗumama ruwan, in ya sha wuta a bushe, cikin 'yan mintoci yake ƙonewa.