Darasi na 14: Shukar Cikin Gida

Idan kuka bi hanyar filin jirgin sama ta Abuja, kuka iso Kuchigoro, za ku ga masu sayar da tsirrai sun jera tukwane a bakin titi. Wasu tsirran na lambu ne, wasu kuwa ana ajiye su a falo ko a ofis. Me za ku kira na biyun da Hausa?

Ma'ana

Hausa ba ta da kalma guda ɗaya tilo a nan. Kalmomi uku ake haɗawa, a ce *shukar cikin gida*, wato tsiron da ake renonsa a tukunya a cikin ɗaki domin ado. Zogale da lalle da ake dasawa a tsakar gida ba sa cikin wannan rukuni, domin su rana mai yawa suke so, kuma don amfani ake shuka su.

Nahawu

*Shuka* mace ce, saboda haka tana ɗaukar *-r*: shukar cikin gida. *Tsiro* namiji ne, yana ɗaukar *-n*: tsiron cikin gida. Jam'insu shi ne *shuke-shuke* da *tsirrai*.

A kula

A kasuwa mutane sukan ce *fulawa*. Amma fulawa kuma ita ce garin alkama da ake yin burodi da shi. Idan kuka aiki ƙanenku ya sayo fulawa ba tare da bayani ba, yana iya dawowa da mudun gari. Ku ce *fulawar ado* ko *tukunyar fulawa*.

Tattaunawa

Ladi: Sannu da aiki, Baba. Ina neman shukar cikin gida.
Mai sayarwa: Yauwa, 'yata. Ɗakin yana samun haske?
Ladi: Akwai taga babba.
Mai sayarwa: To, ajiye ta kusa da tagar. Kada ki ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe, domin yawan ruwa yana ruɓar da saiwa. Da hunturu kuma ki riƙa goge ƙurar ganyenta.

Aiki

1. Me ya bambanta shukar cikin gida da zogale?
2. Ku cike gurbi: shuka__ ɗaki, tsiro__ lambu.
3. Ku rubuta jimloli biyu da *fulawa*, kowace da ma'ana dabam.