Tumbatsar Lamba a Kwamfuta da Sunan da Ya Dace da Ita

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a bayyana wani kuskure da kan auku a kwamfuta, sa'an nan a nemo masa suna na Hausa.

Kwamfuta tana ajiye kowace lamba ne a gurbi mai iyaka. Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar mota daga Gwaska zuwa Birnin Gwari zai iya lura da mitar da ke ƙirga kilomita. Idan ta kai 99999 aka ƙara ɗaya, sai ta koma 00000, kamar motar sabuwa ce. Haka gurbin lamba yake yi idan ya cika.

Lisp wani harshe ne na ba kwamfuta umurni, wanda John McCarthy ya ƙirƙiro a Amurka a 1958. A nau'insa da ake kira Common Lisp, lamba ba ta cika gurbi, domin da zarar ta girma sai a faɗaɗa mata wuri. Matsalar tana tasowa ne a lokacin da Lisp ya aiki wata manhaja ta waje, wadda gurabenta ba sa faɗaɗa. Alal misali, a tsarin Unix, manhajar da ta gama aiki takan mayar da lamba daga 0 zuwa 255, kuma 0 na nufin an yi nasara. To, idan ta so ta ba da rahoton kurakurai 256, abin da zai iso shi ne 0. Ke nan wanda ya aike ta zai ɗauka kome lafiya.

Irin wannan kuskure ba abin wasa ba ne. A ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse jim kaɗan bayan tashinta, saboda wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da iyakarsa 32,767.

Dangane da suna kuwa, kalmomi biyu ne suka zo kusa, wato ambaliya da tumbatsa. Ambaliya ta fi tafiya da ruwan da ya malale ya yi ɓarna a fili. Tumbatsa kuwa cikar mazubi ce har ya wuce baki, kamar mudun dawa a kasuwa. Saboda haka ina ganin “tumbatsar lamba” ta fi dacewa. Sai dai a lura, mudu in ya tumbatsa kowa na ganin abin da ya zube, amma na kwamfuta sau da yawa ba a gani. Ya rage ga malamai da 'yan'uwa ɗalibai su auna wannan suna.