HAƘƘIN HANYA: DARASI A KAN AIKIN GAYYAR TSAFTACE UNGUWA DA DASHEN ITACE



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A daminar da ta wuce akwai wata asuba da muka yi sallah da ƙyar a masallacinmu na nan Babban Giji. Ruwan dare ya cika kwatar layin, ya tsallako ya shiga harabar masallaci, ya jiƙa tabarmi. Dattawan da ba sa rasa sahun farko, ranar a gida suka yi sallah, don babu inda za su taka. Da gari ya waye matasa suka zura shebur a ƙarƙashin kwalbati. Abin da suka fito da shi: ledar ruwa, robar lemo, tsummokara, famfas ɗin yara, har da guntuwar katifa. Duk cikinsu babu wanda ya faɗo daga sama. Daga gidajenmu suka fito.

Tun daga lokacin waɗannan matasa suka haɗa 'yar ƙungiyar aikin gayya, suna yasar kwata, suna kwashe bola, suna dasa itace. Sai wani ɗalibina ya tambaye ni: "Malam, shiga irin wannan ƙungiya akwai lada kuwa, ko dai harkar 'yan boko ce da ƙungiyoyin Turawa?" Darasinmu na yau amsar wannan tambaya ce.

NA FARKO: ASALIN AIKIN A SHARI'A

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W) ya bayyana imani a matsayin rassa saba'in da wani abu, mafi ɗaukakarsu kalmar tauhidi, mafi ƙanƙantarsu kuwa kawar da abin cutarwa daga hanya. Ku lura da kyau, a cikin rassan imani aka sa shi. Bukhari da Muslim kuma sun kawo labarin mutumin da ya janye reshen ƙaya daga kan hanya, Allah Ya gode masa Ya gafarta masa. To idan reshen ƙaya guda ya jawo gafara, ina ga wanda ya buɗe kwatar da ke shigar da ruwa gidaje ashirin?

A ɗaya ɓangaren, Muslim ya ruwaito gargaɗi a kan abubuwa biyu masu jawo wa mutum tsinuwa: yin bayan gida a kan hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa. A ruwayar Abu Dawud daga Mu'azu bn Jabal an ƙara da wuraren ɗiban ruwa. Dalilin hanin shi ne cutar da jama'a a abin da suka yi tarayya a cikinsa. Wanda ya jira sai hadari ya haɗo ya juye kwandon shararsa a lambatu, ya duba kansa da wannan hadisi. Haka ƙa'idar nan ta hana cuta da cutarwa, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ita ce kuma hadisi na 32 a Arba'una ta Imam Nawawi da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya.

Game da itace, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk musulmin da ya yi dashe ko shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Imam Ahmad ma ya ruwaito daga Anas umarnin cewa ko alƙiyama ce za ta tashi alhali akwai ɗan dashen dabino a hannun mutum, in zai iya ya dasa shi. Keɓe fili don amfanin jama'a shi ma ba baƙo ba ne a wurinmu: Bukhari ya ambaci cewa Annabi (S.A.W) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Sharaf da Rabaza.

Wani ɗan gyara a nan. Maganar da ake rubutawa a bangon makarantu da Larabci cewa tsafta tana daga imani, ma'anarta mai kyau ce, amma da wannan lafazin malaman hadisi ba su inganta ta ba. Wanda ya inganta shi ne na Muslim daga Abu Malik al-Ash'ari, mai nuna cewa tsarki rabin imani ne. Muna da ingantattu da yawa, ba mu buƙatar jingina wa Annabi abin da bai tabbata ba.

NA BIYU: 'YAN MAJALISA, DA KU NAKE

Babu layin da za ka bi a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ko Unguwa Uku ba ka ga benci da majalisa ba. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri, Annabi (S.A.W) ya gargaɗi sahabbai a kan zama a bakin hanya. Da suka ce ba su da makawa, nan suke hira, sai ya yarje musu bisa sharaɗin su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna.

To ɗan uwa, benci yana kan kwatar da ta toshe, kuna shan shayi kuna jefa ledar madara a ciki, ana musun ƙwallo har sha ɗayan dare, yaya batun kame cuta? Majalisa mai mutum goma ai ƙungiya ce da ta riga ta haɗu. Shebur da manjagara da baro kawai suka rage.

NA UKU: "AI AIKIN GWAMNATI NE"

Wannan ce shubuhar da na fi ji. Gaskiya ne hukuma tana da nata nauyin, kuma Allah zai tambayi duk shugaba a kan abin da aka ba shi kiwo. Akwai Ma'aikatar Muhalli, akwai hukumar kwashe shara ta REMASAB, akwai ma'aikatan duba-gari, akwai tsaftar ƙarshen wata da ake yi ranar Asabar ɗin ƙarshe da safe. Amma nauyin da ke kan shugaba ba ya sauke wanda ke kanka. Motar shara ba za ta shiga lungunka ta ciro ledar da ɗanka ya jefa ba. Ka tambayi kanka ma, sa'o'in nan na safiyar tsafta da ake taƙaita zirga-zirga, shara kake yi ko ramuwar barci?

Ruwa kuma ba ya jiran a gama musu. Dattawanmu suna tuna ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988. Mun ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata dukiya mai yawa. Mun ga abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Madatsar ruwa ta fi ƙarfin mutumin unguwa, wannan haka yake. Amma ruwan da ke shiga ɗakunanmu duk Agusta, mafi yawansa daga toshewar magudana ne da gini a kan hanyar ruwa da cike kududdufan da a da suke shanye shi. Ruwan da ya kwanta kuwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan sauro ya zama sauro a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa Najeriya da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. In kuma ruwan kwata ya gangara rijiya, sai amai da gudawa. Muna cewa ƙaddara ce, kuma lallai komai da ƙaddarar Allah yake. Amma aya ta 41 a Suratur Rum ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata.

NA HUƊU: AYYUKAN DA KOWA ZAI IYA SHIGA

1. Yasar kwata. Lokacinta kafin ruwa ya sauka ne, wato Afrilu zuwa Mayu, sannan a maimaita a tsakiyar damina. A fara daga inda ruwan yake fita, a yo sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara dagwalon a bakin kwata a watse, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Kafin a ɗaga shebur, a san wa zai kwashe da inda za a kai. A sanar da mai unguwa, a nemi mota daga hukuma ko a haɗa kuɗin masu baro.

2. Bola. A daina ba yaro naira hamsin a ce ya je ya zubar ba a gaya masa ina ba. Kai da ka aike shi kana da kaso a inda ya zuba. Roba da gwangwani da ƙarfe a ware wa 'yan gwangwan, kuɗi ne. A guji ƙona leda a cikin unguwa, hayaƙinta yana cutar da masu asma da jarirai.

3. Dashe da raino. Dashe na yini ɗaya ne, raino na shekara biyu ne ko fiye. A dasa bayan ruwa ya zauna, a kewaye da bulo ko ƙaya saboda awaki, kuma kowace bishiya a rubuta sunan wanda zai shayar da ita a rani. Darbejiya tana jure fari tana ba da inuwa, amma kada a manna ta da katanga ko a sa ta ƙarƙashin wayar lantarki. A cikin gida zogale da gwaiba da lemon tsami sun fi dacewa. Kada kuma a dasa a inda zai ƙuntata hanya, don ba a neman lada da cin haƙƙin masu wucewa. Ruwan alwalar masallaci da ke malala a banza sau biyar a yini, in aka ja masa 'yar hanya zai raya bishiya biyu ko uku.

Mu ɗauki darasi daga 'yan uwanmu na yankin Maraɗi. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, suna sassabe shi suna rainonsa maimakon tumɓukewa. Da wannan aka farfaɗo da miliyoyin kadada a kudancin Nijar. Shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, shi ma nasararsa tana ga itacen da ya rayu, ba wanda aka ƙirga ranar biki ba.

4. Iyayenmu mata da 'yan uwa mata. Shara daga gida take fitowa, don haka rabin aikin yana hannunku. Ware roba, hana yara zuba shara a kwata, rainon irin zogale a ledar ruwan da aka sha, duk ana yi ba tare da an fita ba. Ku tuna baiwar Allah nan da take share masallacin Annabi (S.A.W). Da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, ya nemi a nuna masa kabarinta ya yi mata sallah.

5. Wanda ba shi da ƙarfi ko lokaci. Ya sayi safar hannu da takalmin ruwa, ko ya ba da aron baro, ko ya aiko da kunu. Ma'aikacin lafiya ya zo da kayan ɗaure rauni, don akwai fasassun kwalabe da allurai a kwata. Malamin Islamiyya ya ware minti biyar ya karantar da yara hadisan da muka ambata.

NA BIYAR: ABUBUWAN KIYAYEWA

Niyya. Babu laifi a ɗauki hoto don zaburar da wasu, amma wanda ba ya riƙe shebur sai an ɗaga waya, ya binciki zuciyarsa.

Kuɗi. Amana ne. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa jama'a. Tare hanya da igiya ana tilasta wa masu mota da 'yan adaidaita sahu su ba da kuɗi bai halatta ba, domin dukiyar musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Siyasa da bambancin fahimta. Duk wanda ya kawo gudummawa a karɓa a yi masa addu'a, amma kada a mayar da ƙungiyar ta wani ɗan takara. Kwata ba ta san ɗan Izala ko ɗan ɗariƙa ba, in ta cika gidan kowa take shiga. Maƙwabcinmu wanda ba musulmi ba shi ma a gayyace shi, yana da haƙƙin maƙwabtaka.

Sallah da tsarki. A ware kayan aiki daban. Malamanmu na Malikiyya sun yi rangwame a kan taɓon ruwan sama da ke fantsamo wa mai tafiya a hanya, matuƙar najasa ba ta rinjaya ba. Amma dagwalon kwatar da najasa ta bayyana a cikinsa ba ya cikin wannan rangwame, sai a wanke jiki a sauya tufafi kafin sallah. A tsara aikin ya ƙare kafin azahar.

Dawwama. Hadisin Nana A'isha ya nuna cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Mutum bakwai da za su fito duk wata sun fi ɗari da za su fito sau ɗaya.

Saboda haka amsar tambayar ɗalibina ita ce: eh, akwai lada, kuma aikin namu ne tun kafin a san wata ƙungiya ta waje. Idan akwai masu aikin gayya a layinku, je ka ba da sunanka. Idan babu, ka yi wa liman da mai unguwa magana bayan sallar isha'i, ku sa rana. Mu a nan Asabar ɗin ƙarshen wata muke fita, da an idar da azkar ɗin safe, daga ƙofar masallaci. Mai shebur ya zo da shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga ambaliya da annoba, Ya karɓi ayyukanmu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.