Gatarin Aradu: Daga Sama Ya Faɗo, Ko Aikin Hannu Ne?

Bayan ruwa mai ƙarfi manomi ya kan tsinci wani ɗan dutse a gona ko a bakin rafi, mai baki kamar na gatari. Mutanenmu suna ce da shi gatarin aradu. Wai tsawa ce ta jefo shi. Waɗansu su kan kai wa boka, waɗansu kuma su ɓoye shi a ɗaki domin tsari. Abin baƙin ciki, mun iske shi har a gidajen masu bi, an naɗe shi da tsumma. Saboda haka bari mu bincika asalinsa tare.

Iri biyu ne

Akwai mai santsi, wanda aka goga bisa wani dutse har ya yi kaifi. Shi ne mu ka fi sani. Akwai kuma wanda ya girme shi nesa ba kusa ba. Wannan ba a goga shi ba, ɓantare shi aka yi. Gindinsa da kauri, kansa da tsini, ba shi da ƙota, a tafin hannu a ke riƙe shi.

Ga yadda aka yi shi. Mutum ya ɗauki dutsen da ke fashewa da kaifi, kamar ƙanƙara. Ya buga gefensa da wani dutse, ɓalli ya fita. Ya juya shi, ya sāke bugawa, har baki ya kewaye shi. Idan kun duba ɓallin, za ku ga ɗan kumburi daidai wurin da bugun ya sauka. A jikin gatarin kuma ga gurbin kowane ɓalli a jere, gaba da baya. Ruwa yana fasa duwatsu, amma ba ya jera sara haka. Tsawa ma ba ta yi.

Don me a bakin ruwa?

Dalili uku ne. Mutanen dā sun zauna kusa da ruwa, gama can namun daji su ke zuwa sha. Can kuma duwatsun aikin su ke. Na uku, ambaliya ta kan binne abin da aka yar cikin tsakuwa, bayan zamani mai tsawo kogin ya ci gaɓarsa ya tone shi. Shi ya sa a kan gan shi bayan an yi ruwa, har mutane su ka ɗora wa aradu. Teku ma haka ya ke yi. A shekara ta 2000 wani mutum yana yawo a bakin teku a Happisburgh ta Ingila, ya tsinci irin wannan gatari inda raƙuman ruwa su ka cinye gaɓa.

A ƙasarmu masu haƙar kuza ne su ka tone su da yawa, domin kuzar tana kwance cikin tsakuwar tsofaffin koguna na tudun Jos. An samu a Mai Idon Toro da waɗansu wurare. Bernard Fagg ya yi aikin tattara irin waɗannan kaya, shi ne kuwa ya kafa gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

Turawa ma sun yi wannan kuskure

Kada mu zaci mu kaɗai ne. Turawa sun daɗe suna ce da su duwatsun tsawa. A Faransa akwai wani ma'aikacin kwastan mai suna Boucher de Perthes, a garin Abbeville, bakin kogin Somme. Ya yi shekaru yana tara waɗannan duwatsu daga ramukan tsakuwa, inda su ke kwance tare da ƙasusuwan giwaye da karkanda irin waɗanda su ka ƙare a duniya. Ya ce aikin mutum ne. Masana su ka ƙi yarda. Sai a 1859 Joseph Prestwich da John Evans su ka zo daga Ingila, su ka ga gatari da idonsu yana maƙale cikin tsakuwa a Saint-Acheul tun ba a cire shi ba. Daga nan gardama ta soma kwantawa.

Me Littafi Mai Tsarki ya ce?

Maganar Allah ta san wuƙar dutse. Cikin Fitowa sura 4, da dutse mai kaifi Ziffora ta yi wa ɗanta kaciya. Cikin Joshuwa sura 5, Ubangiji ya umarci Joshuwa ya yi wuƙaƙen ƙanƙara domin kaciyar Isra'ilawa. Ku lura, yin su aka yi, ba daga sama su ka faɗo ba. Aradu kuwa, Ayuba sura 38 ta nuna mana a hannun Allah ta ke, shi ne ya shirya mata hanya.

'Ya'yanmu za su dawo daga makaranta su ce masana sun ƙiyasta mafi tsufan irin wannan gatari, a Afirka ta Gabas, ya kai shekara wajen miliyan 1.7. Kada mu tsawata masu, kada kuma gabanmu ya faɗi. Littafi Mai Tsarki bai rubuta shekarar halitta ba. Lissafin nan na 4004 kafin haihuwar Almasihu, wani Bishop Ussher ne ya yi shi a 1650, aka riƙa buga shi a gefen shafi. Farawa ta gaya mana Wanda ya yi duniya, wannan kuwa ba dutsen da zai ƙaryata shi. Idan mun koya wa yaro bangaskiya ba ta iya duban dutse, ran da ya ga dutsen zai bar bangaskiyar.

Abin da za mu yi

Wanda ya ajiye gatarin aradu domin tsari, yana dogara ga wuƙar wani mutum da ya mutu tun zamanin da ba a tunawa. Ba ta tsare mai ita daga mutuwa ba, ƙaƙa za ta tsare mu? A kwance tsumman. Amma kada a jefa dutsen cikin masai, gama ba shi da aljan. A nuna wa yara, a riƙe sunan wurin da aka tsince shi, a sanar da gidan kayan tarihi. Idan mun riƙe shi, mu ka ji ya zauna daidai a tafin hannunmu, mu tuna mai shi ya ga siffar gatarin a zuciyarsa tun dutsen yana dunƙule. Mu gode wa Allah mai ba da hankali.

Tambayoyi

1. Da wace alama za mu gane dutsen da hannu ya ɓantare?
2. Don me a kan same shi bayan ruwan sama?
3. Ƙaƙa za mu yi magana cikin ƙauna da ɗan'uwa wanda har yanzu yana ɓoye shi a ɗaki?